Ƙaurace wa Manyan Bankuna: Dalilai da Sakamako

Ƙaurace wa banki na nufin masu ajiya su haɗa baki su rufe asusunsu, su kwashe kuɗinsu su kai wani wuri, domin su nuna ba su yarda da halayyar bankin ba. Hujjar masu yin haka ita ce, da kuɗin jama'a banki ke ba da rance yana cin riba, saboda haka mai ajiya yana da ta cewa. Wannan salon zanga-zanga ya fi yin tashe a Amurka bayan durƙushewar tattalin arziki ta shekarar 2008.

Dalili na farko shi ne fushin da ceto bankuna ya haifar. A watan Oktoban 2008 majalisar dokokin Amurka ta amince a ware dala biliyan 700 don tallafa wa cibiyoyin kuɗi, Bank of America kaɗai ya karɓi biliyan 45. A daidai wannan lokaci miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu saboda sun kasa biyan bashi. Duk da cewa manyan bankunan sun mayar da kuɗin daga baya, jama'a sun riƙe a zuci cewa an ceci waɗanda suka haddasa ɓarnar, an bar talaka da hamma.

Dalili na biyu shi ne cire-ciren kuɗi. Wata doka ta 2010 ta rage kason da bankuna ke karɓa daga 'yan kasuwa a duk cinikin da aka yi da katin cirar kuɗi. Don cike giɓin, a ƙarshen Satumban 2011 Bank of America ya ce zai riƙa cire dala 5 kowane wata daga masu sayayya da katinsa. Sanarwar ta zo ne ana tsaka da zaman dirshan na Occupy Wall Street a birnin New York. Nan da nan takardar koke ta tara sa hannu fiye da 300,000 a intanet, wata mata a Los Angeles kuma ta yi kira ta Facebook da a mayar da 5 ga Nuwamba ranar sauya banki, kowa ya koma ƙungiyoyin ajiya da lamuni na gama-kai, waɗanda masu ajiyar ne suka mallake su.

Sakamakon farko ya bayyana tun kafin ranar: a 1 ga Nuwamba bankin ya janye shirin. Ƙungiyoyin gama-kai kuma sun samu sababbin mambobi. Sai dai ƙiyasin farko na mutum 650,000 da haɗaɗɗiyar ƙungiyarsu ta fitar, daga baya an rage shi zuwa kusan 214,000. Ga bankin da ajiyarsa ta kai dala tiriliyan guda, wannan tamkar ɗiban ruwa ne da cokali daga kogi. Yawancin masu tafiya ƙananan masu ajiya ne, waɗanda ribar da ake samu a kansu ba ta da yawa. Sauya banki ma yana da wahala, domin albashi da biyan kuɗin wuta da na haya duk suna ɗaure da tsohon asusu.

Wasu misalai sun ƙara nuna iyakar wannan makami. A ƙarshen 2010 tsohon ɗan ƙwallon Faransa Eric Cantona ya yi kira da a kwashe kuɗi daga bankuna a rana guda, amma mutane ƙalilan ne suka amsa, kiran kuma bai faɗi inda za a kai kuɗin ba. A 2017 majalisar birnin Seattle ta yanke shawarar raba gari da bankin Wells Fargo saboda rancen da ya bai wa aikin bututun mai na Dakota Access. Shekara guda bayan haka birnin ya sabunta kwangilarsa da bankin, saboda babu wani banki da ya nemi aikin.

Inda aka yi nasara mai ɗorewa shi ne Birtaniya. Tun daga ƙarshen shekarun 1960 ɗalibai da majami'u da wasu ƙananan hukumomi suka yi ta ƙaurace wa bankin Barclays saboda harkokinsa a Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata. Kasonsa na asusun ɗalibai ya ragu ƙwarai, su ne kuwa manyan masu ajiyar gobe. A Nuwamban 1986 bankin ya sayar da hannun jarinsa a reshen ƙasar, ko da yake taɓarɓarewar tattalin arzikin Afirka ta Kudu ita ma ta taimaka.

Waɗannan misalai sun nuna cewa ƙaurace wa babban banki ba ya girgiza asusunsa, sunansa yake taɓawa, suna kuwa jari ne ga duk wanda amana ce sana'arsa. Matakin yakan yi tasiri idan buƙata ɗaya ce bayyananniya, akwai wurin komawa, kuma an jure tsawon lokaci. Batun girman bankuna da yadda suke sarrafa kuɗin jama'a kuwa, wannan ya rage ga dokoki da hukumomin da ke sa musu ido.