Yaya Aka Yi Mai Duba Ya San Abin da Ke Zuciyata?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin fake da bayyane. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ƴan'uwa, akwai tambayar da ɗalibai suke yawan kawowa bayan karatu. Sukan ce: idan Allah kaɗai Ya san gaibu, to yaya aka yi mai duba yake gaya wa mutum abin da ya kawo shi tun bai buɗe baki ba? Ga kuma bidiyoyi a wayar salula, za ka ga Bature ya ce wa wani ya riya suna a zuciyarsa, nan take ya faɗi sunan. Tambaya ce mai kyau, kuma tsawa ba ta amsa ta. Wanda aka yi wa tsawa zai yi shiru, amma shakkar tana nan a ƙirjinsa.

A Turai da Amurka wannan abu sana'a ce da suke kira mantalizim, wato dabon da ake yi wa tunani maimakon ido. Ana koyonta a littattafai kamar yadda ake koyon ɗinki, kuma da yawa daga masu yin ta suna faɗa da bakinsu cewa dabara ce. Dabarun da suke nishaɗantar da ƴan kallo da su, su ne boka yake cin kuɗinmu da su. Ga huɗu daga ciki.

Ta farko ita ce magana mai shiga kowa, kamar babbar riga. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya ce wa ɗalibansa 39 zai rubuta wa kowa bayanin halinsa. Da suka karanta, sai ya ce su ba bayanin maki daga sifili zuwa 5. Matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Sannan ya nuna musu cewa takarda iri ɗaya ya raba wa kowa. To a nan gida me ake ce mana? Kana da maƙiyi na kusa da kai. Ka yi wa mutane alheri sun saka maka da sharri. Akwai kuɗinka da ya maƙale a hannun wani. Don Allah, wa ke cikin sahun masallacinmu da wannan rigar ba za ta shige shi ba?

Ta biyu ita ce tatsar magana. Tun kana sallama ya riga ya dubi shekarunka, da tufarka, da kantar hannunka, ya ji harshen garinku. Mace mai matsakaitan shekaru da ta shigo a damuwa, mafi yawa maganar miji ce, ko haihuwa, ko kishiya, ko ciwo. Sai ya jefa tambaya cikin rigar labari: ina ganin wata mace a tsaye tsakaninku. Idan ta ce kishiya ce, ya ce ita nake nufi. Idan ta ce ai ba ta da kishiya, ya ce to dangin miji fa? Ita ta ba shi amsar, amma idan ta koma gida cewa za ta yi shi ya faɗa. Kuma ɗan Adam yana riƙe wadda ta dace ya manta goman da suka kuskure. A hadisin Nana A'isha (RA) da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an faɗa wa Annabi (SAW) cewa bokaye wani lokaci sukan faɗi abu ya zama gaskiya, sai ya bayyana cewa kalma guda ce aljani yake fizgowa, su cakuɗa ta da ƙarya ɗari.

Ta uku ita ce karanta jiki. A farkon ƙarni na 20 an yi wani doki a birnin Balin na Jamus, ana kiransa Hans, wai ya iya lissafi. A ce masa uku da huɗu, ya buga kofato sau bakwai. A 1907 wani mai bincike, Oskar Pfungst, ya gano cewa dokin yana lura da mai tambaya ne: idan bugun ya kai adadin, sai jikin mutum ya ɗan saki ba tare da ya sani ba, doki ya tsaya. Idan aka kare idon dokin, ko mai tambayar bai san amsa ba, sai lissafi ya watse. To idan doki ya iya wannan, ina ga mutumin da ya shekara ashirin yana kallon fuskokin masu damuwa? Ku lura kuma, mai dokin shi kansa ya yarda dokinsa ya iya lissafi. Haka wani mai duban, ya ruɗi kansa kafin ya ruɗe mu.

Ta huɗu ita ce leƙen asiri tun kafin a haɗu. A 1986 an tona asirin wani mai wa'azin Kirista a Amurka, Peter Popoff, wanda yake kiran sunayen mutane a taro da cutarsu da adireshinsu, yana cewa daga sama ake sanar da shi. Ashe matarsa ce take karanta masa ta wata ƴar rediyo a kunnensa, daga takardun da mahalarta suka cika da hannunsu. Shekara ta zagayo ya karye, amma daga baya ya dawo talabijin, mutane suka ci gaba da aika kuɗi. A wajenmu aikin matar nan yaron zaure ne yake yin sa, ko tsohuwar da ta yi maka hanya ta rako ka, ko abin da ka baza da kanka a Facebook.

Kada wani ya fahimci cewa muna musun sihiri ko aljanu. Alƙur'ani ya tabbatar da su. Amma Alƙur'anin nan dai, a Suratu Saba'i aya ta 14, ya ba mu labarin yadda aljanu suka yi ta wahalar aiki a gaban Annabi Sulaimana (AS) alhali ya rasu, ba su sani ba sai da gara ta ci sandarsa ya faɗi. Wanda bai san abin da ke gaban idonsa ba, ina zai san gobenka? A Suratun Namli aya ta 65 an kore sanin gaibu daga duk wanda ke sammai da ƙasa in ba Allah ba. A Suratul A'arafi aya ta 188 an umarci fiyayyen halitta ya kore wa kansa.

Jarraba mai da'awa kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Lokacin da labarin Ibnu Sayyad ya bazu a Madina, Annabi (SAW) ya je ya ɓoye masa abu a zuciya ya ce ya faɗa. Guntun kalma kawai ya iya kawowa, aka tsawata masa. A ƙarni na 13 na Miladiyya wani mutumin Dimashƙa, Al-Jaubari, ya wallafa littafi sukutum a kan tona dabarun ƴan damfara da masu duba. A zamaninmu James Randi, ɗan dabo haifaffen Kanada, ya sa kyautar dala 1,000 a 1964 ga duk wanda ya nuna irin wannan baiwa a ƙarƙashin sa ido. A 1996 kyautar ta kai dala miliyan 1. Har aka rufe gasar a 2015 babu wanda ya ci. Randi ba Musulmi ba ne, kuma ba a wurinsa muke ɗaukar aƙida ba. Abin lura shi ne, duk lokacin da aka toshe hanyoyin nan huɗu, sai baiwar ta ɓace.

Abin da ake asara ya wuce jaka biyar ko ragon da aka kai. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40. Sannan mai duba ba ya sallamar mutum sai ya nuna masa mai laifi. Daga nan ne ake ƙulla gaba da kishiya, a yanke zumunci da baffa, a ɗora wa almajiri ko ƴar aiki satar da ba su yi ba. Mara lafiya kuma ya zauna yana jiran a tone layar da aka binne, har ciwon da likita zai iya kamawa da wuri ya ci jiki.

Saboda haka idan wani ya zo mana yana mamakin abin da aka gaya masa, mu zaunar da shi cikin lalama mu tambaye shi: wa ya raka ka? Me ka fara faɗa? Maganar nan, da an gaya wa maƙwabcinka, ba za ta dace da shi ba? Abu nawa ya faɗa da ba su zama ba? Sannan mu nuna masa abin da shari'a ta ba mu a madadi: istihara, da shawarar masu hankali, da addu'o'in safe da yamma, da neman magani, da tawakkali.

Allah Ya tsare mana imaninmu, Ya shiryi waɗanda aka ruɗa da masu ruɗin. Wallahu a'alamu.