Gidan Gem: Abin da Yaranmu Suke Bugawa Bayan La'asar

Idan la'asar ta yi sanyi a Jega, kafin ka ga shagon za ka fara jin sa: ƙarar janareto, da ihun yara kamar an zura ƙwallo a filin gaske. Gidan gem ke nan. Ɗan ɗaki ne da benci biyu ko uku, talabijin jere a jikin bango. Yara biyu suna danne-danne, goma suna tsaye a kansu suna cewa, "Ba shi mana! Buga!" Wanda aka ci ya tashi, wani ya zauna.

Na'urar da ke ƙarƙashin talabijin ɗin ta girmi yawancin masu buga ta. Kamfanin Sony na Japan ya fitar da PlayStation 2 a shekarar 2000, ya sayar da fiye da miliyan 150, ya daina ƙera ta a 2013. Amma har gobe za ka tarar da ita tana aiki a irin waɗannan shaguna, daga Jega har Maiyama. Tana da araha, tana jure ƙura da zafi, ba ruwanta da intanet, in ta lalace mai gyara ya san kanta. Sababbin samfuri kuwa sai mai ƙarfin jari, ko inda ɗalibai suka taru kamar Aliero, garin da jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi take tun 2006.

Wasan da ya riƙe PlayStation 2 shi ne ƙwallon PES na kamfanin Konami. Na ƙarshe da aka yi wa wannan na'ura shi ne PES 2014, amma masu sha'awa suka ci gaba da sabunta sunayen 'yan wasa da rigunan ƙungiyoyi da kansu, shi ya sa za ka ga Osimhen a cikin wasan da aka gina tun yana ɗan yaro. A ganina tsohon PES ya cancanci wannan soyayya. Ƙwallo tana da nauyi a ƙafa, bayarwa tana buƙatar lissafi, mai gaggawa shi ke shan kashi. Na ga yaron da bai kai shekara goma sha biyu ba yana sauya tsarin 'yan baya a tsakiyar wasa saboda ya gane ta gefen da abokinsa ke shigowa. Wannan tunani ne, kuma ya burge ni.

A 2021 Konami ya mayar da PES ya zama eFootball, kyauta, daga baya har a waya. A 2023 abokin hamayyarsa, wasan FIFA, ya koma EA Sports FC. Kyautar eFootball ɗin tana da ƙugiya: ka sauke ba ko sisi, amma manyan 'yan wasa sai ka sayi kuɗin cikin wasan, ko ka kwana kana nema. Haka Free Fire da PUBG suke samun kuɗinsu, su kuma na harbe-harbe ne.

Iyaye da yawa gidan gem suke tsoro, kuma suna da hujja: akwai yaron da ke gudun makarantar allo, akwai mai taɓa kuɗin cefane, akwai shagon da ake sa kuɗi a kan wasa, wanda caca ce tsagwaronta. Amma ni wayar ta fi tayar mini da hankali. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. Ba yawan bugawa kawai take nufi ba, sai idan mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa a kan karatu da barci da jama'a, ya ci gaba duk da illar da yake gani, galibi har tsawon shekara.

A shago kuɗi na ƙarewa, wani na jiran layi, yayan yaro na iya leƙowa ya ce Baba na kira. Ana kiran magariba mai shagon kirki zai kashe janareto, kowa ya nemi takalminsa. Yaron da ke ƙarƙashin bargo da wayar yayansa ƙarfe biyun dare, sai dai in caji ya ƙare.