Kofin Da Ya Ɗaga Sunan Nijeriya Kafin A Rufe Shi

A shekarar 1975 ne Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka ta ƙago wata gasa domin ƙungiyoyin da suka ci kofin ƙalubale na ƙasashensu. Tonnerre ta Yawunde ce ta fara ɗaukar kofin.

Ba a daɗe ba rabo ya faɗo wa Nijeriya. A 1976 IICC Shooting Stars ta Ibadan ta lallasa Tonnerre, ta zama ƙungiyar ƙasar nan ta farko da ta ciwo kofin Afirka. Da shekara ta zagayo, sai ga IICC da Rangers ta Enugu sun haɗu a wasan kusa da na ƙarshe. Saboda zafin gaba tsakanin magoya bayansu, aka kai karo na biyu Kaduna, inda Rangers ta yi galaba da bugun fenariti, daga bisani ta kayar da Canon ta Kamaru.

Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe a 1988, amma kofin ya kuɓuce mata. BCC Lions ta Gboko ce ta share wa jama'a hawaye a 1990, ƙarƙashin Shu'aibu Amodu.

An yi gasar ƙarshe a 2003, Etoile du Sahel ta Tunisiya ta doke Julius Berger. A 2004 aka haɗe ta da Kofin CAF, aka sami Kofin Confederation. Har yau kuwa babu ƙungiyar Nijeriya da ta ɗauki wannan sabon kofi.