Me ɗalibin kimiyyar kwamfuta yake karantawa a shekara huɗu?

A ƙarshen kowane wata, ma'aikacin gwamnatin tarayya yakan zuba wa wayarsa ido yana jiran alat. Idan saƙon ya shigo, ba kasafai yake tunanin hanyar da kuɗin suka bi ba: sunansa da matakin albashinsa da ke cikin tsarin IPPIS, lissafin haraji da fanshon da aka cire, da umarnin biya da ya ratsa har ya isa bankinsa. Kowane mataki a wannan tafiya darasi ne da ake koyarwa a digirin kimiyyar kwamfuta.

Duk da haka, a ofisoshi da gidaje da dama ana kallon mai wannan digiri a matsayin wanda ake kira idan firinta ta ƙi aiki, ko idan ana son buga wasiƙa cikin gaggawa. Wannan fahimta tana da illa ta fuska biyu. Iyaye kan tura yaro kwas ɗin saboda sun ga yana son taɓa waya, ya je ya yi karo da lissafin da bai shirya masa ba. Shugabannin ofis kuma kan ɗauki wanda aka horar ya gina tsari, su ajiye shi yana gyara waya da kebul.

Abin da hukuma ta tanada

A watan Disambar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta ƙaddamar da sabon tsarin karatu mai suna CCMAS. Tsarin ya tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita. Ya kuma ware fannin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, inda kimiyyar kwamfuta ke zaune tare da 'yan uwanta: tsaron intanet, kimiyyar bayanai, injiniyancin manhaja da fasahar sadarwa. A yawancin jami'o'i karatun shekara huɗu ne, a jami'o'in fasaha irin ta Minna kuma an saba yin biyar.

Tun daga ƙofar shiga ake gane inda aka dosa. Ana neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, lissafi da fiziks, kuma lissafi da fiziks suna cikin darussan da ɗalibi zai rubuta a jarrabawar JAMB.

Shekarar farko: lissafi kafin na'ura

Sabon ɗalibi yakan yi mamakin ƙarancin lokacin da yake yi a gaban kwamfuta. Jadawalinsa cike yake da aljabara, kalkulas, fiziks da ƙididdiga, sai darussan gama-gari irin su Turanci da al'adun al'ummomin Najeriya. Akwai kuma darasin warware matsala, inda ake koya masa ya ɗauki aiki ya rarraba shi zuwa matakai bayyanannu, waɗanda na'urar da ba ta da hankalin kanta za ta iya bi ba tare da ta yi tambaya ba.

Irin wannan jerin matakai shi ake kira algoridim. Kalmar ta samo asali ne daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. A wannan shekara ne ɗalibai da yawa suke tuntuɓe, domin wanda ya zo da rauni a lissafin sakandare yakan kwashi kwasa-kwasan maimaici tun zangon farko.

Shekara ta biyu: harshen na'ura da cikinta

A nan ake shiga rubuta manhaja gadan-gadan, da harsuna irin su Python, Java ko C++. Harshen da aka zaɓa ya danganta da jami'a, kuma harsunan sukan tsufa wasu su maye gurbinsu. Abin da ke ɗorewa shi ne iya tunanin da ke bayansu.

Tare da haka ana karanta wani nau'in lissafi da ya shafi manɗiƙi, rukunoni da alaƙoƙi. Tushensa yana komawa ga George Boole, Baturen Ingila da ya nuna a 1854 cewa ana iya lissafa gaskiya da ƙarya kamar yadda ake lissafa lambobi. A kan wannan aka gina darasin ƙirar kwamfuta, inda ɗalibi ke ganin yadda 0 da 1 kaɗai suke zama rubutu, hoto da murya, da yadda ƙwaƙwalwar na'ura ke ɗauko umarni ɗaya bayan ɗaya tana zartarwa.

Shekara ta uku: zuciyar karatun

Duk wanda ya taɓa neman fayil a rajistar ma'aikata zai fahimci darasin tsara bayanai. A ce akwai fayil miliyan ɗaya a jibge babu tsari. Mai nema zai iya ɗaga dukkansu kafin ya kai ga wanda yake so. Idan kuwa an jera su bisa lamba, sai ya buɗe tsakiya, ya ga ko nasa yana gaba ko yana baya, ya watsar da rabi, ya sake raba ragowar biyu. Da wannan dabara, dubawa 20 ta isa. Ko da fayilolin sun kai miliyan 100, dubawa 27 ce kawai. Bambancin da ke tsakanin manhajar da ke amsawa nan take da wadda ke sa mutane layi har la'asar sau da yawa daga nan yake.

Sai darasin rumbun adana bayanai, wanda ya ginu a kan tsarin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya gabatar a 1970. A nan ake koyon cewa kowane mutum yana buƙatar lamba ɗaya tak da ba ta maimaituwa, hikimar da ke bayan lambobi 11 na NIN da na BVN, kuma makamin da ake amfani da shi wajen bankaɗo ma'aikatan bogi. A nan kuma ake koyon ƙa'idar cewa tura kuɗi ko dai ya kammala gaba ɗaya, ko a mayar da komai yadda yake, kada a cire daga wannan asusu ba a saka a wancan ba.

Akwai darasin babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, irin su Windows, Linux da Android. Akwai na sadarwa, mai bayanin yadda ake yayyanka saƙo ƙanana-ƙanana, su bi hanyoyi mabambanta, su sake haɗuwa a inda aka aika su. Akwai gabatarwa kan ƙirƙirarriyar basira da kan kare bayanai daga masu kutse. Galibi a wannan mataki ne ɗalibi ke fita horon sanin makamar aiki na SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, ya faro a 1973. Da yawa daga cikin matasan da ake gani a sassan kwamfuta na ma'aikatu a Abuja wannan horon ne ya kawo su, kuma abin da aka ba su su yi a waɗannan watanni yana tasiri a kan ƙwarewar da za su fita da ita.

Shekarar ƙarshe: auna aiki da ɗaukar amana

A ajin ƙarshe ɗalibi yana koyon auna algoridim kafin a kashe kuɗi a kansa: idan masu amfani suka ninka sau goma, zai jure ko zai durƙushe? Yana kuma sanin cewa akwai tambayoyin da babu wata kwamfuta da za ta iya amsa su, abin da Alan Turing ya tabbatar tun 1936. Ana koya masa tafiyar da aiki daga tattara buƙatu zuwa gwaji da miƙawa, sannan ɗa'a da doka. Wannan na ƙarshe ya ƙara nauyi tun da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a watan Yunin 2023, domin mai riƙe da bayanan albashi ko na lafiyar jama'a amana ce a hannunsa. Daga nan sai kundin kammala karatu, inda zai gina wani abu mai aiki ya kare shi a gaban malamai.

Ga iyaye da shugabannin ofis

Uban da ɗansa ke sha'awar wannan kwas ya fara duba sakamakonsa na lissafi tun yana aji huɗu na sakandare, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kuma bincika ko NUC ta amince da kwas ɗin a jami'ar da aka zaɓa, ya tanadi kwamfutar tafi-da-gidanka ko da ta hannu ce, saboda rubuta manhaja da yi ake koyonsa. Idan yaron ya fi karkata ga kula da na'urori da hanyoyin sadarwa, fasahar sadarwa na iya fi masa dacewa.

Shi kuwa darakta ko mataimaki na musamman da aka turo wa mai wannan digiri, ya jarraba shi da matsala ta gaske: bibiyar takardun da ke shige da fice, ko tace jerin sunayen da ke cike da maimaici. Shekara huɗun da ya yi, domin irin wannan aiki ya yi su.