Shebur ko Saiwa: Wanne Ya Fi Gyara Ƙasar da Dalma Ta Ɓata?

A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Masu haƙar zinariya kan kawo duwatsu gida a daka a niƙa, ƙurar mai ɗauke da dalma ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Maganin asibiti bai wadatar ba muddin yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa cutar, don haka dole a gyara ƙasar.

A ƙauyukan Dareta da Yargalma, daga baya kuma Bagega a 2013, shebur aka sa. Aka kankare saman ƙasa, aka kai ta rami aka binne, aka shimfiɗa mai tsabta. Aikin na da sauri, amma yana cin kuɗi da ƙarfin mutane. Ana iya kankare gida ɗaya ko unguwa guda, sai dai wa zai kankare dajin da ramukan haƙa suka cika?

A nan ɗaya hanyar ke shigowa. Akwai wata funfuna da masana ke kira mikoriza, wadda ke zaune a saiwar mafi yawan tsirran duniya. Zarenta ya fi gashi siriri, yana ratsa ƙasa ya kawo wa tsiro ruwa da fosfaras, tsiron kuma ya biya ta da sukari. A ƙasa mai guba tana riƙe dalma a jikin zarenta da cikin saiwa, ta rage abin da ke hawa ganye. Da taimakonta ciyawa irin betiba, 'yar'uwar jema, kan kama a kan tarin ɓaraguzan ma'adinai, ta danne ƙura, ta hana ruwan sama wanke guba zuwa rafi. Ba ta da tsada, amma tana ɗaukar shekaru, kuma dalmar tana nan ba ta tafi ko'ina ba, ɗaure ta kawai aka yi. Filin ba na noma ba ne, ba kuma na kiwo ba.

Saboda haka inda yara ke wasa, shebur za a sa ba jira. Ramukan da aka bari a daji kuwa, a shuka musu ciyawa, a killace su kada dabbobi su shiga.