Kebul a Ramin Kankare: Me Ya Sa Ake Rage Masa Kaya?

A masana'antu da asibitoci da tashoshin rarraba wuta, manyan kebul ɗin da ke tasowa daga taransifoma ko janareta sukan bi ta cikin wani dogon rami da aka gina da kankare, a rufe shi da murafen siminti. Tsarin yana kare kebul daga sara da taku, yana kuma sauƙaƙa gyara. Sai dai kebul ɗin da ke cikin irin wannan rami ba ya iya ɗaukar wuta daidai da adadin da aka rubuta masa a littafin kamfani.

Dalilin shi ne zafi. Duk wayar da wuta ke bi, tagulla ce ko alminiyom, tana ɗumama, kuma idan aka ninka wutar sau biyu, zafin da take fitarwa yakan ninku sau huɗu. Ƙarfen kansa yana da juriya. Robar da ta lulluɓe shi ce ke da iyaka. Nau'in PVC bai kamata ya wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyos ba, XLPE kuwa digiri 90. In ana ƙetare wannan iyaka, robar takan bushe ta tsattsage, daga nan sai haɗuwar waya, wani lokaci har da gobara.

Adadin amfiya da ke cikin jadawalin ƙa'idar IEC 60364 an lissafa shi ne bisa iska mai zafin digiri 30. A Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 ko a inuwa. Ga rana tana dukan murfi, ga iskar ciki ba ta da mafita, ga kowane kebul yana zuba wa maƙwabcinsa zafi. Shi ya sa ƙa'idar IEC 60287 ta tanadi lissafi na musamman: a tara zafin da dukkan kebul ɗin ke fitarwa, a duba faɗin bango da ƙasan ramin da zafin zai bi ya fita, ban da sashen da rana ke duka, sannan a gano yadda iskar ciki za ta fi ta waje zafi.

Ɗauki kebul na XLPE da aka rubuta masa amfiya 200. Idan iskar ramin ta kai digiri 45, za a ninka adadin da 0.87. Idan layuka uku ne aka cusa suna manne da juna, a sake ninkawa da 0.70. Abin da ya rage amfiya 122 ne kacal. Kusan kashi 40 cikin 100 ya tafi tun ba a kunna ko fitila ɗaya ba.

Babban haɗarin yana wajen bireka, na'urar da ke katse wuta idan kaya ya yi yawa. Yawan wuta take aunawa, ba ta san zafin da ke cikin rami ba. In an zaɓe ta bisa amfiya 200, kebul zai yi ta dahuwa a 170 ita kuwa tana zaune lafiya lau. Ɓarnar ba ta bayyana a rana ɗaya; sai bayan shekaru a ji ƙauri, a ɗora wa kamfanin kebul laifi.

Mafita a bayyane take. A ɗora kebul a kan maratayai a jikin bango, a bar tazara tsakaninsu. A yi wa murafen ƙofofin shan iska inda ruwa da ɓeraye ba za su samu shiga ba. Kada a bari shara da ƙasa su taru a ciki. Idan za a ƙara sabon layi a tsohon rami, a sake lissafin gaba ɗaya, domin baƙon zai rage ƙarfin waɗanda ya tarar. In lissafi ya nuna sai an sayi kebul mai kauri, a saya. Araha ba ta ado.

Mai gini da zai biya kuɗin aiki yana da haƙƙin ya tambayi injiniyansa: da wane zafi aka yi lissafin nan, layi nawa ne a ramin, kuma birekar ta dace da adadin da ya rage bayan ragin?