Haraji a Idon Mutanen Mafara, Bakura da Maradun

Sau da yawa nakan ji ana cewa mutanenmu ba su son biyan haraji. A ganina, tarihi ya nuna dalilin ɗari-ɗarin da suke yi.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aka ɗora wa magidanta haraji, masu shanu kuma jangali. Dagatai ke tarawa su miƙa wa Sarkin Mafara da Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Kayan Maradun, daga nan a kai Baitulmalin Sakkwato. Wanda ya rasa abin biya yakan sayar da akuyarsa, ko ya tafi cin rani. Talaka yana ganin fitar kuɗinsa, amma ba ya ganin amfaninsu.

Rashin yardar ya ƙaru da madatsar ruwan Bakolori, wadda aka kammala a 1978. Ruwa ya ci gonaki, aka yi ta jan ƙafa wajen biyan diyya. Da manoma suka tare hanyoyin aikin, sai 'yan sanda suka buɗe musu wuta a Afrilun 1980, aka rasa rayuka da dama. A 'yan shekarun nan kuma 'yan bindiga sun riƙa karɓar kuɗi a wasu ƙauyuka kafin a yi girbi, manomi yana tambayar ina tsaron da yake biya dominsa.

Sai dai manomin nan shi ke fitar da zakkar hatsinsa ba tare da an turo masa dogari ba, domin ya san inda take zuwa. Wannan shi ne abin da nake so malamai su fahimtar da ɗalibai idan an zo darasin haraji.